Neman Garba a Garin da Ake Cin Garba

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wanda ya leƙo shagona, ko maɓalli ya kawo a ɗinka masa, sai ya ja benci ya zauna ya ce in ba shi labarin ƙwallo. A fadarmu ta bayan tasha kuwa, inda muke taruwa hira, har an fara miƙo mini kofin shayi na farko, abin da ban taɓa samu ba duk shekarun da na yi ina sayen sukari. Wai ni ne mutumin Tawa da ya je Abijan lokacin babbar gasa, ya ga komai da idonsa. To ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, a bar ni in yi ɗinki. Amma wanda ke jiran ya ji wa ya ci wa, gara ya koma wajen mai telebijin. Ku da kuka zauna a Tawa kun fi ni ganin ƙwallon nan nesa ba kusa ba.

Ni ba kallo ya kai ni ba, Inna ce ta aike ni. Yayana Garba ya daɗe yana cirani a Abijan. Yadda sauran Adarawa ke yi haka ya fara, ya tafi bayan girbi ya dawo da faɗuwar ruwa, har ya samu rumfar kansa ta sayar da abinci, zuwa gida ya koma jefi-jefi. Amma waya ba ta taɓa yankewa ba. Kowace Juma'a yakan kira wayar maƙwabcinmu a ƙauyenmu Kalfu, a kai wa Inna, ta riƙe da hannu biyu tana amsa "lahiya lau" har a gama. Sai wata Juma'a ta wuce shiru, wata ta bi ta, har wata ya mutu wani ya tsaya. In an kira lambarsa, wata mata ce ke ɗauka tana ba da haƙuri da Faransanci mai daɗi. Ƴan cirani da suka dawo suka ce ana ta rusau a can, ana share gari saboda baƙin ƙwallo, kuma an taɓa unguwar da yake. Ba wanda ya ce ya gan shi.

Inna ta sa aka kira ni Kalfu. Na same ta tana ɓarar wake, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Asumanu, ka tahi ka zo min da yayanka. In ba ka ishe shi ba, ka gano min inda anka aje shi." Daga ranar ban ƙara barcin kirki ba har na hau mota.

A cikin kar ɗin da ya ɗauke mu daga Tawa, wato doguwar motar fasinja, wani dattijo ne a gefena, Baba Illa, mutumin Tebaram, mai teburin shayi a Abijan tun kafin a yaye ni, in ji shi. Haƙoransa na gaba sun riga shi ritaya, amma bai fasa gurgurar cuku ba, ya kuma gutsura mini. Da ya ji abin da ya fitar da ni ya yi addu'a, sannan ya ce kada in damu, Ba'adare ba ya ɓata a Abijan sai dai a ɓatar da shi. Har yau ban gane ba ko ƙarfafa gwiwa ya yi mini ko ta'aziyya.

Daga Konni zuwa Doso zuwa Yamai ba abin da zan faɗa muku wanda ba ku sani ba. A Yamai muka yi zaman jiran ayari, don hanyar Burkina yanzu ba a binta mota ɗaya-ɗaya. Muka shimfiɗa kwali a tasha, sauro ya yi mana sannu da zuwa. Sauran tafiyar sauka ce da hawa. A kowane shinge a ce kowa ya sauko, a tattara katinmu a shiga da su wata ƴar rumfa, mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu gaisa da mai rumfar, irin gaisuwar nan da ake yi da hannu a dunƙule. Katina ya shiga ofisoshi a tafiyar nan fiye da yadda na shiga tun da aka haife ni.

A iyaka ta ƙarshe na fara ganin gasa. An rataya ƙyalle mai faɗin hanya, an rubuta maraba da ƴan'uwa ƴan Afirka, nan gidanku ne. Wallahi har ƙwalla ta taru mini. Sai na lura layi biyu ne a ƙarƙashin ƙyallen. Na dama na masu rigunan ƙwallo ne da ƙahonin roba, ana raba musu ruwan leda da ƴan tutoci, ga masu ganga suna yi musu kiɗa. Na hagu namu ne, masu buhu da bargo. Ashe ƴan'uwan ma akwai na ɗaki akwai na bakin zaure.

Baba Illa ya ba ni shawara in sayi mayo, wato rigar ƴan ƙwallo, in bi dama. Na sayi wata koriya, na ɗora a kan kaftanina, na shiga layi ina taku. Ma'aikacin ya dubi katina ya dube ni, ya ce ai ƙasarku ba ta zo ba, wa kake goya wa baya? Na nuna ƙirjina. Ya ce in faɗi sunan ɗan wasa ɗaya na masu wannan riga. Na ce ni mai tsaron raga nake so, ban riƙe sunansa ba, amma yaron kirki ne. Ya kira abokan aikinsa suka yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya nuna mini hagu da alƙalami. Na koma ƙarshen layi, Baba Illa kuwa ya riga ya wuce yana jirana a inuwa. Kafin a sake ni aka tsira mini allurar shawara a dantse, duk da takardar da ke cewa an yi mini a Tawa. Shawara biyu na sha a ranar, kowace sai da ta yi mini ciwo.

Daga nan hanya ta zama sumul, sabuwar kwalta baƙa wul, har direba ya manta da birki. Baba Illa ya ce ramukan hanyar nan sun girmi ƴaƴansa, amma da aka ce baƙi za su zo, a wata ɗaya suka warke. Da muka doshi gari sai ga dogon shingen kwano a gefen titi, an yi masa fenti, an zana yara suna dariya suna buga ƙwallo. Aikin ya yi kyau, ba zan hana musu ba. Sai dai wanda ya auna tsayin shingen da ƙaramar mota ya auna, bai yi tunanin masu zuwa a kar ba. Daga tagarmu muna hangen abin da ke baya. Ɓaraguzai ne iyakar ganinka, ga katifu a jiƙe, ga wata mata tana girki a inda da alama jiya ɗakinta ne. Baba Illa ya daina gurgurar cuku, ya matsa fuskarsa jikin gilashi yana neman wani abu da bai faɗa mini ba.

A tasha ya kwatanta mini ɗakin ƴan Kalfu, ya ce in tafi can kai tsaye, shi za shi duba teburinsa. Ni kuwa zuciya ta hana ni. Na ce me zan jira, ga baki, ga Faransancina na aji shida. Na tare wata mata na gaishe ta, na tambayi lafiyar gida da yara da gajiya, tana ta kallon hannuna ta ga abin da nake talla. Mutanen can gaisuwarsu kalma ɗaya ce, wanda ya ƙara ta biyu roƙo zai yi. Na ce mata ina neman Garba. Nan take ta nuna mini kwana, ta ce ga shi can. Na ce ashe yayana sananne ne haka, ga mutane suna ta yi masa baƙin cikin ɓata.

A kwanar na sami wani saurayi ɗan ƙasar yana suya a cikin wani shago mai gilashi. Na ce Garba nake nema. Ya ce babba ko ƙarami? Na ce babba, dogo, mai ɗan gemu. Ya ce da yaji ko babu? Na ce wani lokaci yana da zafi, amma ba ya riƙo. Ya dube ni ya girgiza kai, ya zuba wani abu a faranti ya turo mini. Kunya ta sa na ci. A wuri na biyu ma haka, a na uku ma haka. Kafin azahar na ci Garba sau uku ban gan shi ba.

Wani mai gyaran takalmi ɗan wajen Afala ne ya ji tausayina. Ya ce abincin ne sunansa garba. Mutanenmu suka fara sana'ar, masu suna Garba suka yi yawa a cikinta, har sunan ya bar mutane ya koma faranti. Na sha jin ƴan cirani suna tsokanar yayana da Garba mai garba, na ɗauka wasan tsara ne. Abincin kuwa aceke ne, garin rogo da aka turara mai ɗan tsami, da soyayyen kifin teku, da barkono da albasa, a kwarara mai a kai. A tsaye ake ci, da hannu, ma'aikaci mai kwat kafaɗa da kafaɗa da ɗan dako. Yana da daɗi, kada in yi ƙarya, sai dai bayan sa'a ɗaya ciki ya fara tambayar ina tuwon. Albasar ma da na duba da kyau tamu ce ta Galmi.

Ɗakin ƴan Kalfu ɗaya ne tal, ƴan gari suka haɗu suka kama tun da daɗewa. Tun da aka yi rusau duk wanda ya rasa makwanci nan ya nufo. Barci bi da bi ake yi, masu aikin safe su tashi masu gadi su kwanta a kan ɗumin tabarmarsu, kuma a gefe ɗaya ake kwanciya, wanda ke son juyi sai ya nemi yardar na kusa. Ga zufa ba ta bushewa. Na wanke mayo na shanya, har na bar garin bai gama shan iska ba. Ruwa kuwa kwance ko'ina, gari a tsakiyar tafki, ba mai ko kallonsa, ina tuna matan arewacin Adar da igiyar rijiya. Ƴan ɗakin sun karɓe ni hannu biyu, amma da na ambaci Garba kowa ya sunkuyar da kai. Suka ce rumfarsa tana kan hanyar sabon filin ƙwallo, an kwashe layin gaba ɗaya. Wani ya ce ya hango an kama shi ana sa shi a tasi, hannunsa naɗe da zane. Daga nan ba wanda ya san inda aka yi da shi. Sun zaga asibitoci, har inda ake ajiye gawa sun leƙa. Suka ce in nemi wata Tanti Akisi, matar da ke kawo masa aceke, sai dai ita ma an rushe nata gidan.

Na je inda rumfar take. Da ban zo da ɗan rakiya ba da na rantse mun ɓata hanya. Fili ne shar da ciyawa da furanni, da wata ƙatuwar ƙwallon siminti a tsakiya. An ce a naɗe aka kawo ciyawar kamar tabarma, aka shimfiɗa, motar tanki na ba ta ruwa safe da yamma. Na taka don in tsaya daidai inda yayana ya yi shekaru yana tsayuwa, mai gadi ya hura mini usur, ya ce ba a taka ciyawa. Na ja baya na ba ta haƙuri. A bakin titi an kafa allo mai tsayin bene, an rubuta wa baƙi cewa kada su bar ƙasar ba su ɗanɗana garba ba, abin alfaharin gari. Hoton faranti ne kawai, mai hoton ya yi dabara ya yanke hannun da ke miƙo shi.

Wata mai shara a wurin ce ta san Tanti Akisi. Ta ce ta koma gidan ƙanwarta a can ƙarshen gari, inda baƙi ba sa zuwa, saboda haka ba a ɓata fenti a kansa ba. Na hau ƙaramar bas, na sauka, na hau wata, kwalta ta ƙare, taɓo ya karɓe ni. Wannan karon na yi wayo, ban ce Garba nake nema ba. Na ce Tanti Akisi, aka kai ni har ƙofa.

Mace ce ƙaƙƙarfa mai babbar murya, da ɗan gicciye a wuya. Da ta ga fuskata ta ajiye matankaɗi, ta ce mini sannu da Hausa. A bakin yayana ta koyi Hausarta, saboda haka Adaranci take yi tsantsa, har da "ƙaƙa gida". Ba ta tambaye ni ko wane ne ba, ta kama hannuna ta ja ni bayan gida.

Yana zaune a kan turmi kusa da kaskon suya, yana gaya wa wasu mata biyu lokacin da za su juya kifi. Ya rame, gemun ya yi fari. Hannunsa na dama yana cikin aljihun riga. Na yi sallama, na durƙusa, kuka ya ƙwace mini a gaban matan mutane, ban kuma ji kunya ba. Ya miƙo mini hannun hagu.

"Wa yah hwaɗa maka inda nike?" Abin da ya fara ce mini ke nan.

Sai da aka watse ya ciro hannun. Yatsun sun manne sun lanƙwashe, fatar ta yi sheƙi har gwiwar hannu. Ya ce an zo an shafa jan fenti a jikin rumfuna, an ce musu suna da lokaci su kwashe. Sai aka ce manyan baƙi masu duba shiri sun matso da zuwansu, katafila ta iso da sassafe, mai na kan wuta don masu zuwa aiki. Kowa ya ɗauki abin da ya fi so. Shi kaskon ya kama. Wayarsa kuwa tana ƙarƙashin ciyawar nan da ba a takawa. Na tambaye shi me ya hana shi aron waya ya kira gida, Inna tana can tana jiran a nuna mata kabari. Ya mayar da hannun cikin aljihu.

"In ce mata mi? In ce an share gari, an haɗa da ni cikin shara?"

Na kira Kalfu a take. Ya ƙi karɓar wayar, sai sallama kawai ya yi daga nesa don ta ji murya. Na ji numfashin Inna ya yi tsawo, sannan ta ce mini, "Ku taho." Shi kuwa ya ce ba inda za shi. Kun san mu. Ɗan cirani da akwati yake shiga gari, a shimfiɗa tabarma, ƴan'uwa su zo barka da zuwa suna satar kallon tsaraba. Garba shi ya yi wa ɗakin Inna rufin kwano, shi ake nuna wa samari a ce ku yi koyi. Ya ce ba zai sauka a Kalfu da leda ɗaya da hannun da ba ya riƙe hauya ba, gara a ci gaba da cewa ya ɓata.

Na zauna ina lallashi. A zaman ne na ji cewa wasu samari da ƴanmata masu farar falmaran, masu kare haƙƙin ɗan Adam, sun zo bayan rusau. Sun ɗauki hoton hannunsa ta kowane gefe, suka bayyana masa cewa doka ta ce a ba mutum wa'adi, a nuna masa inda zai koma, kuma an tauye masa haƙƙi. Ya ce ya yi musu godiya ƙwarai, don duk zamansa a garin bai san yana da haƙƙi ba sai ranar da aka taka shi. Ban raina su ba, ɗaya daga cikinsu ta dawo da man ƙuna daga aljihunta. Tanti Akisi ma sun yi mata bayanin. Ita a unguwar aka haife ta, a nan aka binne cibiyarta, tana da katin ƙasa da hotonta a jiki. Ta ce ta ɗaga wa direban katafila katin, ya ɗaga mata hannu ya ci gaba da aikinsa.

Suyar da ake yi a bayan gidan ta baƙi ce. An kewaye wani dandali a tsakiyar gari, an kafa ƙaton allon kallo, ana sayar wa baƙi abincin gargajiya. Mai sayarwa a ciki sai yana da baj, wato katin shiga da ake ratayawa a wuya, shi kuwa ba a ba wanda ba shi da shago mai takardu. Wani mai kwat da bai taɓa ƙona yatsa a kasko ba shi ya samu, ya ba Tanti Akisi aikin dafawa, ita kuma ta zaunar da Garba don hancinsa ya san lokacin da kifi ya yi. Ana zubawa a ƴan akwatunan roba, a manna wa kowane takarda mai hatimi.

Wata rana mai kai kayan ya gudu kallo, na ce ni zan kai. Na sa mayona mai ɗanshi, na ɗora kwandon a ka. A ƙofar dandalin mai gadi ya goga wata na'ura a jikin akwatunan ɗaya bayan ɗaya, kowane ya yi ƙara, ya ce lafiyarsa lau. Wata yarinya mai rigar aiki ta karɓa ta shige. Na ɗaga ƙafa zan bi ta, ya dafa mini ƙirji, ya tambayi baj. Na ce tare muke da kayan. Ya ce kayan suna da takarda. Na tsaya a waje ina jin lasifika tana kiran sunan yayana da Faransanci da Turanci, ana yabonsa, ana cewa shi ne zuciyar gari, ta ramin shinge ina hangen Turawa suna ɗaukar hotonsa kafin su ci. Can sai ihu ya tashi a ciki har ƙasa ta motsa, na gane wani ya ci wani. Masu tambayata ƙwallo, iyakar abin da na gani ke nan. A hanyar komawa na ci karo da Baba Illa, buta a hannu, kofuna a aljihu, yana sayar da shayi a tafe yana waige-waige. Teburin ya tafi.

Ranar da aka gama gasa gari ya haukace. Tsofaffi da yara, mata da fenti a fuska, kowa na rawa a titi, wanda bai san ka ba ya rungume ka. Tanti Akisi ma ta ɗaura tuta a ƙugu ta taka har ta jiƙe da zufa, ban kuma ga laifinta ba, murnar ta gaske ce, ni kaina sai da ƙafata ta motsa. Bayan kwana kaɗan mai kwat ya aiko cewa aiki ya ƙare. A makon ne kuma muka tashi muka ga jan fenti a bangon gidan ƙanwarta. Ashe fentin bai ƙare ba, baƙi kawai ake jira su tafi.

Abin da na kasa da lallashi ita ta yi shi a tsaye. Ta tattara ƴan kayansa ta ajiye masa a gaba, ta ce, "Kai kana da inda za a kore ka ka tahi. Ni in anka kore ni nan, teku za ni hwaɗa? Tashi ka tahi gida, Garba." Idonta ya yi ja, shi ma nasa. Ta raka mu tasha da ƙullin aceke. A iyaka wannan karon ba layi biyu, ba tambaya, ba allura. Ban taɓa ganin ma'aikata masu saurin aiki irin na ranar ba.

Mun ƙetare ƙasashe lafiya, sai a Tawa mota ta mace masa. Kalfu da ke nan kusa, wadda ɗan kabu-kabu ke zuwa ya dawo kafin shayi ya nuna, ita ta gagare shi. Yau ya ce sai an yi aski, gobe ya ce sai duhu ya yi, jibi ya ce kansa na ciwo. Ya shige bayan labulen shagona inda nake ajiye yadi, ya hana ni gaya wa kowa. Da yawanku kun zauna a bencin nan kuna tambayata girman filin ƙwallo, kuna cewa ina ma a kawo mana irin wannan gasa mu ma a gyara mana gari, yana bayan labule yana jin ku. Ni kuma kullum sai na ƙirƙiro wa Inna sabon dalili a waya, har dalilan suka ƙare mini.

Ranar Lahadi, kasuwa na ci, na ɗago kai daga keke na gan ta a ƙofa. Inna da gwiwoyinta suka hana ta zuwa ko suna a maƙwabta, ta hau motar ƴan kasuwa a kan buhunan gero. Ta ƙi karɓar kujera. Ta dubi labulen, ta ga ƙafafu a ƙasansa, ta nemi gefe ta zauna a tabarma ta ba shi baya.

Garba ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye a gaban mutane. Sunan nan da gari guda ke kira a lasifika, ita ba ta taɓa furta shi ba tun ranar da aka raɗa masa. Ya fito ya durƙusa a bayanta, hannun a aljihu, ya yi gaisuwa da muryar da ban san shi da ita ba. Ta amsa wa bango. Ta yi mini faɗan ƙyallaye da na bari a ƙasa, ta ce shagon tela bai kamata ya yi kama da juji ba. Tana faɗan, hannunta ya koma baya yana lalube, ya sami aljihun, ya ciro abin da ke ciki. Ba ta waiwaya ba. Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da nata yatsun, ta bi tabon har inda ya tsaya.

"Asumanu," ta ce, "tambayi yayanka, hannun ga shina iya ɗaukar ludayi?"

Na dube shi. Hawaye na bin gemunsa, ya gyaɗa kai. Na ce yana iyawa, Inna.

"To mi shika jira? Na baro hura a dame."

Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, har yanzu tana kallon ƙofa, ba ta kuma saki hannun ba har suka kai bakin mota.